Mai Wankin Hanji ta Makera

Shekara goma sha ɗaya na yi ina duba nama a wata mayanka da ke kudancin kogin Kaduna, tsakanin Kakuri da Makera, kuma a cikin duk waɗanda na yi aiki da su mace ɗaya ce ta taɓa sa ni jin kunyar takardar shaidata. Sunanta na baftisma Deborah, amma in ka shiga mayankar nan kana tambayar Deborah sai a tsaya ana kallonka. Maman Christy kowa ya sani. Sana'arta wankin kayan ciki. Mahauta su feɗe saniya, su turo mata tumbi da hanji a daro, ita kuma ta zauna a bakin famfo ta juye su, ta wanke, ta jera wa masu farfesu. Aikin da mutane ke toshe hanci in sun zo wucewa, shi ta yi shekara ashirin da 'yan kai tana yi.

Ni kuwa sunana Daniel. A lokacin ina ɗan shekara ashirin da bakwai, na fito daga makarantar koyon aikin dabbobi da farar riga da wuƙa da hatimi, ina jin duk abin da ke cikin saniya na haddace shi. Ina da saurin fushi, kuma har yau ban rabu da shi ba, tsufa ne kawai ya rage masa gudu. Aikina in duba hanta da huhu da sauran sassa. Abin da ke da kyau in buga masa hatimi, abin da ya lalace in yi masa kondem, wato in tsattsaga shi da wuƙa in kwarara masa wani baƙin magani mai warin tsiya, don kada wani ya zagaya da shi kasuwa. Mahauta ba sa ƙaunata, ni ma ban roƙe su ba.

Daga wani ƙauye a ƙasar Pankshin ta fito, inda mahaifinta ke da 'yan shanu bakwai ko takwas. Aure ne ya kawo ta Kaduna. Mijinta Yohanna ya yi aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar ta da 'ya'ya huɗu a ciki da falo na haya a Makera. Wata maƙwabciyarta ce ta kai ta mayanka, ta ce ta gwada na sati ɗaya. Maƙwabciyar ta daɗe da gudu, ita ta zauna. Gajera ce mai jiki, hannayenta kullum a kumbure saboda ruwa, kuma in tana aiki takan yi waƙoƙin zumuntar mata ta coci ƙasa-ƙasa. Ba ta da yawan magana, amma in ta ga dama da kalma uku sai ta zaunar da ƙaton mahauci.

Abin da ya bambanta ta da sauran matan bakin famfo shi ne 'yan tayi. A shekarun nan, bayan cutar bushiya ta yi wa garkuna kaca-kaca ga kuma fari, makiyaya suna sayar da duk abin da ya samu, har da shanu masu ciki. Kusan kullum sai an fasa saniya an tarar da ɗa a mahaifa. Rami ake jefa su. Ita kuwa sai ta ware ɗaya ko biyu a gefe, in ta gama aikin mutane ta ɗauko reza da wata farar langa da take ɓoyewa a ƙarƙashin benci, ta zauna tana buɗe su a hankali. Da na fara lura sai na ɗauka ko dai sayarwa take yi a ɓoye ko wani tsubbu ne, na nufe ta da faɗana.

Na ce, "Mama, me kike yi da wannan? Kin san doka ta hana?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Oga inspekta, dokar har kallo ta hana? Zo ka gani, in ba ka tsoron rigarka ta ɓaci."

Ta yanko guntun hanji kamar tsawon ɗan yatsa, ta tsaga shi, ta shimfiɗa a cikin ruwan langar, ta ɗan karkata ta wajen rana. Sai ga cikinsa ya tashi da wani gashi-gashi mai laushi, ƙanana ƙwarai, suna lilo in ruwan ya motsa, kamar karan-miski. Ta ce wannan ita ce shimfiɗa, haka take kiranta. In ɗan tayi bai wuce ɓera ba, in ji ta, hanjinsa zare ne kawai, da tsinken tsintsiya take buɗe shi, kuma ba abin da ido ke gani sai santsi. In ya kai kyanwa sai shimfiɗar ta fito fili, amma ba ko'ina take kai wa lokaci ɗaya ba, daga kusa da ciki take fara cika ta gangara ƙasa. Akwai wani lokaci a tsakiya da har babban hanji ma yake fitar da gashin, daga baya ya fasa, ya shafe abinsa kafin haihuwa. In kuwa maraƙi ya kusa fitowa, shimfiɗar ƙaramin hanji takan yi tsawo, ta yi kauri, ta cika maƙil, alhali tumbin nan da muke ta fama da shi a babbar saniya ɗan mitsitsi ne, gashin cikinsa mai kama da tawul ko tsirowa bai gama ba.

Na tsaya baki buɗe. Duk wannan an koya mana shi da dogayen sunaye na Turanci da zane a allo, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta. Ban taɓa ganinsa da idona ba sai a langar matar da na zo yi wa tsawa. Kuma ba ta ma buƙatar ruwan. Ta shafa babban yatsanta a cikin hanji, ido a rufe, ta gaya maka watan cikin. Na sha gwada ta, ina auna tsawon ɗan tayin a ɓoye ina duba littafi, ina fatan in kama ta ko sau ɗaya, amma ban samu wannan daɗin ba. Daga nan na zama ɗalibinta ba tare da na amsa sunan ba. In aiki ya lafa sai in yi kamar famfo na zo dubawa, ita kuma ta kama yatsana ta ɗora a kan shimfiɗa, ta ce, "Wannan fa, wata nawa?" In na faɗa daidai ta yi shiru. In na kuskure ta ce gwamnati ta yi asarar alli.

Akwai magana ɗaya da take yawan maimaitawa, cewa hanjin maraƙi rana ɗaya yake a buɗe. Tun tana yarinya a garken mahaifinta ta lura duk maraƙin da bai sha dakashi a ranarsa ta farko ba, wato nonon fari mai kauri, rawaya, da saniya ke kawowa in ta haihu, to ko ya tashi ya yi tsalle da wuya ya kai wata. A mayanka kuma ta ga abin da ta ɗauka shi ne dalili, a jikin 'yan maruƙan da akan kawo a yanka saboda karaya ko mutuwar uwa. Na kwana ɗaya da ya samu dakashi, in ji ta, shimfiɗarsa takan jiƙe da shi har cikin jiki, kamar burodi a shayi. Na kwana uku kuwa nono bi ta kai kawai yake yi. Littafinmu ma haka ya faɗa da nasa yaren. Maraƙi yana fitowa ne ba garkuwar cuta a jininsa, domin mahaifar saniya ba ta barin ta ratsa. A dakashi take, kuma a sa'o'in farko ne kaɗai hanji ke barin ta wuce cikin jini yadda take. Kowace sa'a ƙofar tana ƙara tsukewa, kafin rana ta zagayo ta rufe.

To, ranar da nake son ba da labarinta wata Talata ce a watan Afrilun 1984, ana tsakiyar zafi. Wajen ƙarfe bakwai na safe aka kayar da wata farar saniya. An fara fiɗa ke nan sai cikinta ya motsa. Sarkin Fawa da kansa ya matso ya tsaga mahaifar, sai ga maraƙa ta sulluɓo a kan siminti, jiƙe sharkaf, tana jan numfashi. Kafin kowa ya ce wani abu Maman Christy ta yar da daronta ta iso. Ta share mata hanci da baki da hannu, ta murje ta da buhu har ta yi atishawa, ta zare zare daga bakin zaninta ta ɗaure cibiyar. Sarkin Fawa ya yi dariya ya ce, "Ɗauki, na ba ki. In ta rayu ki gayyace mu suna."

Duk wannan ban gani ba. Ina can ɗaya ƙarshen ina ta cacar baki da wani mahauci a kan hantar da tsutsa ta cinye, yana rantsuwa cewa ado ne. Da na iso kan farar saniyar raina a ɓace yake, ga layi na jirana. An riga an yanke hantsarta an ajiye a gefe, ƙatuwa, a cike tam. Na soka wuƙa, sai wani abu mai kauri, rawaya, ya tsartu. Ban kalli mahaifar da ke yashe kusa da ƙafata ba, ban tambayi kowa ba. Na ce, "Mugunya ce, ciwon hantsa, kondem!" Na tsattsaga ta gida huɗu, na ɗauko galan na kwarara mata baƙin magani har ya malala.

Ban ajiye galan ɗin ba sai ga Maman Christy da langarta, ta wanke ta fes.

Ta ce, "Malam Daniel, ina hantsar farar saniyar nan?"

Na nuna mata da tsinin wuƙa. Ta durƙusa, ta dangwali ɗan abin da ya tsartu a siminti inda maganin bai kai ba, ta murza tsakanin yatsu, ta kai hanci. Sannan ta ce, a hankali, kamar mai gaya wa mutum rigarsa ta yage ta baya, "Wannan ba mugunya ba ce. Dakashi ne."

Sai a lokacin na hango maraƙar kwance a kan buhu. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma da yake ni ne, sai kunyar ta fito da siffar faɗa. Na fara cewa ai doka ce, ai bai kamata a ajiye hantsa ba a gaya mini ba, ai ni kaɗai ne a kan shanu arba'in. Wasu mahauta suna murmushi a ƙasa, domin sun daɗe suna jiran irin wannan rana. Ta miƙe, ta ɗauki maraƙarta ta koma gindin dalbejiyar da ke bakin ƙofa.

Akwai wata mai sayen kayan ciki a wurinta, Ebele, mai shagon farfesu a Kakuri, mace mai kirki da ƙarar murya. Ta bi ta tana cewa, "Mama, abeg, bari na kawo madara na gwangwani, make e drink small kafin ya mutu." Maman Christy ta girgiza kai. Ta ce duk abin da ya fara shiga ciki shi ke jawo ƙofar, don haka ko ruwa kada wanda ya ba ta. Abin da take nema saniya ce da ta haihu yau, kuma irin wannan sai a ruga. Ita ba ta san inda rugage suke ba. Ni na sani, domin a shekarar da ta wuce na zagaya su da allurar rigakafi, kuma ina da babur. Sai dai ba ni da ikon barin mayanka kafin a gama yanka, hatimi kuma ba a ba da aronsa.

Ban taɓa duba nama da sauri irin na ranar ba, amma duk da haka sai sha ɗaya na gama. Sa'a huɗu ta tafi. Na same ta tana yi wa maraƙar fifita da kwali. Na tsuguna na ce ta yi haƙuri, da ƙyar kalmar ta fito. Ta ce, "Malam Daniel, shekara ashirin ina wanke hanjin matattu. So nake in ga guda ɗaya yana aiki a cikin mai shi. Tayar da babur."

Haka muka fita. Ta naɗe maraƙar a buhu ta rungume ta a cinya tsakanina da ita, kan ya leƙo ta ƙarƙashin hammatarta, kunnuwa suna kaɗawa. Da muka ratsa Kakuri ma'aikatan masaƙa da ke cin abinci a bakin titi suka yi ta ihu, wani ya ce, "Madam, barka da sauka!" Ta ɗaga masa hannu kamar da gaske. Ni dai ina gaba da farar rigata, na haɗe rai, ina addu'a kada wani ɗan unguwarmu na Barnawa ya gan ni.

A Gonin Gora muka tsaya wajen mata masu sayar da doya da itace a bakin hanya, muka tambayi ta inda masu tallan nono ke fitowa kwanan nan. Suka nuna mana yamma. Muka bar kwalta muka shiga hanyar ƙafa. Rugar farko da na sani, mun tarar da ita kango, sai turaku da busasshen kashin shanu, sun yi kudu neman ciyawa. A ta biyu suka karɓe mu da kyau, suka ba mu ruwa, amma suka ce wata biyu ke nan ba saniyar da ta haihu musu, yunwa ta hana. Rana ta take sosai. Maraƙar ta daina ɗaga kai, harshenta ya bushe. Duk bayan ɗan lokaci sai Maman Christy ta sa yatsa a bakinta ta ji ko tana tsotsa, sannan ta ɗaga ido ta dubi rana. Ba ta ce in yi sauri ba ko sau ɗaya, ni kuwa da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Babur ya mutu mana sau biyu a cikin yashin wani rafi, na tura shi ina zufa ina faɗa da shi kamar yana ji. Sai bayan la'asar muka kai ruga ta uku. Ardon wurin tsoho ne, ya gane ni, ya ce, "A'a, mai allura ne da yammacin nan haka?" Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, irin wadda ba a yanke ta ko gobara ake yi, sannan na faɗi abin da ke tafe da mu. Ya ce lallai akwai wadda ta haihu da asubar nan, ga ta can a ɗaure a inuwa, amma a rame take, abin da ke hantsarta ko ɗanta bai isa ba. In ya raba, in ji shi, sai ya rasa nasa, mu ma mu rasa namu.

Na buɗe baki zan fara yi masa bayanin littafi, Maman Christy ta taɓa ni. Ta ce, "Gaskiyarka, Baba. Na ɗanta ne. In ya sha ya ƙoshi, abin da ya rage nake roƙo."

Matar Ardon tana tsaye tana jinmu. Ta matso ta buɗe buhun, ta duba cibiyar da aka ɗaure da zaren zani, ta sa yatsa a bakin maraƙar. Ta yi wa mijinta wata gajeriyar magana da Fulatanci, ba ta jira amsarsa ba ta shiga bukka ta fito da 'yar ƙwarya. Saniyar ta ƙi sakin nono sai da aka kawo ɗanta ya fara tsotsa, sannan matar ta tsuguna ta ɗaya gefen tana tatsa a hankali. Abin da aka samu bai wuce rabin ƙwaryar ba.

Maraƙar ba ta da ƙarfin kama komai. Maman Christy ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu, ta ɗora kan a cinyarta, ta tsoma yatsu biyu a dakashin ta sa mata a baki. Da farko ba komai. Can sai harshen ya motsa. Ta riƙa saukar da yatsun a hankali har bakin ya taɓa ƙwaryar, sai muka ji ɗan sautin haɗiya. Wajen rabin sa'a ta ɗauka kafin ta shanye, ko ɗigo bai zuba ba. Na duba agogona, biyar saura kwata. Kusan sa'a goma da fitowarta.

Na ce, "Mama, mun makara?"

Ta ce, "Ƙofar ba ta rufe duka ba. Amma yanzu ta mutum ɗaya ce, shi ma a karkace."

Matar Ardon ta yi alkawarin aiko da madarar shanu kullum da safe ta hannun masu talla, kuma ta cika. Maman Christy ta sa wa maraƙar suna Talatu, ta yi mata shimfiɗar buhu a barandarta ta Makera. Mai gidan haya ya zo ya yi 'yan gunagunai cewa shi mutane ya ba haya, ta ce masa ai wannan ta fi rabin 'yan hayarsa natsuwa. Washegari Talatu ta miƙe da ƙafafunta, suna rawa. Rana ta uku ta zagaya tsakar gida da gudu ta kifar da tukunyar wata maƙwabciya. Kullum in na tashi aiki sai na biya kafin in wuce Barnawa, wai duba lafiyarta nake yi a hukumance. A rana ta ukun nan ce na fara ganin Maman Christy tana dariya har da riƙe ciki. Ta ce in Talatu ta yi ƙwari za ta sa ta a mota ta kai ta ƙauyensu, domin garken mahaifinta tun bushiya ba komai a ciki sai ciyawa. Na ji daɗi ƙwarai, har na fara yafe wa kaina.

Rana ta huɗu na taɓa cibiyar na ji ta da zafi, ta kumbura. Da yamma gwiwoyin gaba suka bi. A kan simintin mayanka aka haife ta, inda ƙazantar shanu arba'in ke bi, cuta ta riga ta shiga ta cibiya tun ranar farko, kuma abin da ke jininta na tsaro bai taka kara ya karya ba. Maraƙin da ya ƙoshi da dakashi a kan lokaci yakan ture irin wannan, sau da yawa ba a ma sanin ya yi. Na kawo allurai mafi ƙarfi da na iya samu, na yi mata safe da yamma. Tana shan madararta, cikinta lafiya lau, amma jikin yana ta yin ƙasa. Ranar Litinin da safe, kwana shida cif, ta mutu.

A ranar, Maman Christy ba ta zo da wuri ba. Wajen ƙarfe tara ta shigo da daro a ka, an rufe da buhu, ta ajiye shi a ƙarƙashin benci. Sai da ta wanke kayan Ebele da na sauran masu jira tsaf, ta sallami kowa, sannan ta jawo daron ta ɗauko reza. Ni ina can nesa ina ta jujjuya huhu ɗaya da na riga na duba, don kada mu haɗa ido. Can na ji ta ce, "Malam Daniel, zo."

Na je. Ta riga ta shimfiɗa guntun hanjin a cikin ruwa.

Ta ce, "Ka gani? Ba ta nuna ba. Shimfiɗar ba ta gama ba, da sauran wata guda a cikin uwarta. Ko tulu guda na dakashi ka ba ni ran nan, ba inda zai zauna. Don haka ka cire abin daga ranka."

Na sunkuya na duba. Gashin ya tashi a cikin ruwan, dogo, mai kauri, a cike maƙil, ba gurbi ko ɗaya. Na sa babban yatsana na shafa, yatsan da ita da kanta ta horar. Ban taɓa taɓa shimfiɗar da ta kai wannan cika ba. Na dubi kan maraƙar a cikin daro, ga haƙoran ƙasa sun huda dasashi, ga gashi har tsinin wutsiya. Watanninta tara sun cika, ba abin da ya rage mata. Da an ba ta abin da ke hantsar uwarta da ƙarfe bakwai na safe, akwai inda zai zauna.

Na ɗago na dube ta. Ba ta kalle ni ba, famfo take kallo. Ta karɓe langar daga hannuna da ɗan sauri, ta tuntsurar da ruwan a kwata. Na ji ina son in yi kuka a gaban mahauta, ni da ko a jana'izar ubana ban yi ba.

Na ce, "Haka ne, Mama."

Ta ce, "To je ka yi aikinka, ga hanta can tana jiranka."

Mun ƙara shekara biyar tare a mayankar kafin 'yarta Christy ta zo ta tafi da ita Jos, lokacin da hannayen suka daina lanƙwasuwa. Ba ta taɓa tayar da maganar ba, ni kuma har ta tafi ban samu ƙarfin halin gaya mata cewa na gane ba.